Yadda Ake Bibiyar Nauyi da Ƙarfin Jiki Ba Tare da Sikeli Ya Ruɗe Ka Ba

Baligi mai lafiya zai iya hawa sikeli da sassafe ya ga kilo 84, ya sake hawa da daddare ya ga 85 da rabi, washegari ya koma 84, alhali kitsen jikinsa bai motsa ba ko kaɗan. Abin da ke hawa yana sauka ruwa ne, da abincin da ke cikin hanji, da abin da bai riga ya fita ba. Wannan rawar lambobi ita ce ke sa mutane da yawa watsar da shirin motsa jiki tun a mako na uku, ga aiki yana tafiya daidai amma awo ya sa sun sare. Awon rana ɗaya ba ya nuna komai. Abin da ke nuna gaskiya shi ne awo iri ɗaya, a yanayi iri ɗaya, da aka tara na makonni aka karanta shi a dunƙule.

Kayan aikin ba su da yawa: sikeli mai nuna lamba har zuwa ɗigo ɗaya, wato 84.3 maimakon 84 kawai. Tef ɗin awo irin na tela mai santimita, wanda ba ya talewa. Agogo mai nuna sakan. Da wurin rubutu. Littafi da biro sun wadatar. Mai son lissafi ya yi kansa da kansa sai ya buɗe shafi a Excel ko Google Sheets. Sikeli mai allura ba laifi ba ne, sai dai da wuya ka karanta bambancin rabin kilo a kansa, kuma rabin kilon nan shi ne duk abin da ake nema a mako.

Hawa sikeli

Ka samar wa sikelin wuri ɗaya a kan daɓe mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, siminti ko tayil, ka bar shi a nan. Kafet ko darduma na lotsewa a ƙarƙashin ƙafafun sikeli, sai lambar ta karkace. Idan dole ta sa kullum sai ka ɗauke shi ka ajiye, to bayan ka sauke shi ka taka sau ɗaya, ka sauka, ka bar shi ya koma sifiri ya mutu, sannan ka hau hawan da za ka rubuta. Yawancin sikelin zamani sai sun daidaita kansu bayan an motsa su, kuma karatun farko kan zo da kuskure. Batir mai rauni ma na kawo lambobin shirme. Duk lokacin da ka yi shakka, ɗauki wani abu da ka san nauyinsa, misali ƙarfen atisaye mai kilo 5, ka hau da shi sannan ka hau ba shi. Bambancin ya kamata ya zama 5 ko kusa da haka ƙwarai.

Lokacin awo shi ne da safe, bayan ka tashi ka shiga bayi, kafin ka ci ko ka sha komai, da kaya marasa nauyi iri ɗaya kullum, ba takalmi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, don haka kofi biyu da ka sha kafin ka hau sun isa su rufe ci gaban mako guda. Tsaya a tsakiya, nauyinka a kan ƙafa biyu, kada ka jingina da bango. Rubuta lambar farko da ta zauna. Kada ka sauka ka sake hawa sau uku kana neman wadda ta fi yi maka daɗi.

Sikelinka kaɗai za ka riƙa kwatantawa da kansa. Na asibiti da na gidan motsa jiki kowanne da nasa karatu, kuma bambancin kilo ɗaya tsakanin sikeli biyu abu ne da aka saba gani. Idan ka sayi sabo, hau tsohon da sabon a safiya ɗaya, ka rubuta bambancin a gefen shafi.

Dalilin da lamba ke tsalle

Sanin wannan sashe shi ne ke hana mutum yanke hukunci cikin firgici. Kilo ɗaya na kitsen jiki na ɗauke da kusan kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Kafin ka ƙara kilo ɗaya na kitse na gaske a dare ɗaya, sai ka ci abincin kusan kwana uku a kan wanda ka saba ci a ranar. Saboda haka idan ka kwana 84 ka tashi 85, kusan tabbas ba kitse ba ne.

Babban mai laifi shi ne sitaci da sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka don amfanin gaggawa. Baligi kan riƙe kimanin giram 400 zuwa 500 na wannan ajiya, kuma kowane giram ɗaya na tafe da kusan giram uku na ruwa. Wanda ya rage abinci mai sitaci zai ga kilo ɗaya zuwa biyu sun zube a makon farko, ya yi ta murna. Ranar da ya koma ci, su dawo cikin kwana biyu, ya ce shirin bai yi ba. A duka biyun ruwa ne ya fita ya dawo. Gishiri ma haka yake: abinci mai gishiri da yawa da daddare na sa jiki riƙe ruwa na kwana ɗaya ko biyu. Sai bushewar ciki, da cin abinci a makare, da ƙarancin barci, da doguwar tafiya a zaune.

Akwai wani da ke ba sababbin shiga mamaki. Idan ka fara ɗaga ƙarfe ko ka yi atisayen da jikinka bai saba ba, tsokar da ta yi tsami na tara ruwa yayin da take gyara kanta. Sai ka ga ka fi kowane mako wahala amma sikeli ya hau. Wannan kan lafa cikin 'yan kwanaki zuwa makonni kaɗan. Akasin haka, nauyin da ya ragu nan take bayan atisaye gumi ne, kuma zai dawo da zarar ka sha ruwa, don haka awon bayan atisaye ba shi da gurbi a littafin nauyi.

Mata na da ƙarin lissafi. A kwanakin da ke gab da jinin al'ada jiki kan riƙe ruwa, wani lokaci har kilo ɗaya ko biyu, sannan ya sake shi bayan jinin ya fara. Mace ta riƙa sa alama a ranar farko ta al'ada a littafinta, kuma ta kwatanta makon farko na wannan zagaye da makon farko na zagayen da ya wuce. Idan ta kwatanta mako da makon da ke biye masa kawai, za ta riƙa ganin ƙiba ta ƙarya sau ɗaya a kowane wata.

Magunguna ma na taka rawa. Insulin, da magungunan sitiroyid irin su prednisolone, da wasu magungunan taɓin hankali da na farfaɗiya na iya ƙara nauyi. Rubuta ranar da ka fara ko ka daina kowane magani, amma kada ka daina shan abin da likita ya rubuta saboda sikeli.

Matsakaicin mako

Maganin duk wannan hayaniya lissafi ne na firamare. Auna kanka kowace safiya, ko aƙalla sau uku zuwa huɗu a mako, ka tara lambobin, ka raba da yawan kwanakin da ka auna. Wannan matsakaicin shi ne nauyinka na makon, kuma shi kaɗai za ka kwatanta da na wani mako.

Ga misali. Makon farko, daga Litinin zuwa Lahadi: 84.6, 84.1, 84.9, 84.3, 83.8, 84.7, 84.4. Jimilla 590.8, a raba da 7, ya ba da 84.4. Mako na biyu: 84.2, 83.5, 83.7, 84.4, 83.3, 83.6, 84.6. Jimilla 587.3, matsakaici 83.9. An sauke rabin kilo, daidai yadda ake so. Yanzu dubi wanda ranar Lahadi kaɗai yake hawa sikeli: ya ga 84.4, bayan mako ya ga 84.6, ya tabbatar wa kansa ƙiba yake yi. Mai auna ranar Laraba kaɗai ya ga 84.9 ta koma 83.7, ya ɗauka ya zubar da fiye da kilo ɗaya, mako mai zuwa kuma ransa ya ɓaci. Jiki ɗaya ne, kwanaki iri ɗaya, labari uku.

A shafin kwamfuta, layi ɗaya na kwanan wata, ɗaya na nauyi, ɗaya na matsakaicin kwana bakwai na baya, sai a zana jadawali. Ɗigogin kullum za su yi ta zigzag, layin matsakaici kuwa zai tafi a hankali. Shi za ka kalla. Ranar da ka manta ba ka auna ba, bar gurbin fanko, kada ka cike da ƙiyasi. Ka kuma bar fili ɗaya na bayani mai kalma biyu ko uku: abinci mai gishiri, barci kaɗan, zazzaɓi, tafiya. Bayan wata biyu wannan ɗan filin zai koya maka halin jikinka fiye da lambobin kansu.

Ga mai rage nauyi, saurin da ya dace shi ne rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 na nauyin jiki a mako. Mai kilo 84 na neman 0.4 zuwa 0.8 ke nan. Rabin kilo a mako na nufin gibin kusan kalori 550 a rana tsakanin abin da aka ci da abin da aka ƙona. Gudun da ya wuce haka, idan ya ɗore, yawanci har da tsoka yake tafiya, kuma za ka gane hakan a littafin atisaye kafin madubi ya nuna maka. Mai son ƙara tsoka kuwa ya tafi a hankali fiye da haka, kimanin kilo ɗaya a wata ko ƙasa da haka, domin jiki ba ya gina tsoka da sauri, rarar duk kitse take zama. Lissafin saurin ya fara daga mako na biyu ko na uku, tunda makon farko ruwa ya cika shi.

Zagayen ciki

Da za a ce mutum ya zaɓi awo ɗaya bayan nauyi, wannan ne. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki kewaye da hanji da hanta shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya, kuma tef na kama canjinsa ko da sikeli ya yi shiru.

Wurin awon ba inda wando ke zama ba ne. Tsaya a miƙe, ƙafafu kusa da juna, ka laluba a gefen jikinka ka samo haƙarƙarin ƙarshe na ƙasa, sannan ka samo saman ƙashin ƙugu. Tsakiyar waɗannan biyu nan ne tef zai bi. Wannan ce hanyar Hukumar Lafiya ta Duniya. Wasu kan auna daidai cibiya don ya fi sauƙin ganowa. Hakan ma ya yi don bibiyar kai, muddin ba ka sauya wuri. Tef ya kwanta a kan fata, ba a kan riga ba, ya zagaya a daidaice. Duba madubi ka tabbatar bai zame ƙasa ta baya ba, domin nan ne aka fi yin kuskure. Ya taɓa fata ba tare da ya nutse cikinta ba. Yi numfashi yadda ka saba, ka karanta a ƙarshen fitar da iska, ba tare da ka shanye ciki ba. Auna sau biyu. Idan bambancin ya wuce santimita ɗaya, maimaita. Sau ɗaya a mako ko a mako biyu ya isa, da safe kafin cin abinci.

A ma'aunin hukumar, haɗari na fara ƙaruwa daga santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, ya yi tsanani daga 102 ga namiji da 88 ga mace. Waɗannan iyakoki kan ɗan bambanta tsakanin jinsunan mutane, shi ya sa wata ƙa'ida mai sauƙi ta fi amfani ga kowa: zagayen cikinka kada ya kai rabin tsayinka. Mai tsayin santimita 172 na neman ƙasa da 86. Mai son ƙarin bayani zai iya haɗawa da zagayen ƙirji, ɗuwawu, cinya da damtse sau ɗaya a wata, amma ya rubuta takamaiman wurin, misali cinyar dama, santimita 15 sama da ƙoƙon gwiwa. In ba haka ba wata mai zuwa wani wuri zai auna daban.

Lissafin BMI kuwa, wato ma'aunin da ke kwatanta nauyin jiki da tsayi, a yi shi sau ɗaya a farko don sanin inda aka tsaya. Ana raba nauyi a kilo da tsayi a mita da aka ninka da kansa: 1.72 sau 1.72 ya ba da 2.96, a raba 84 da shi, 28.4. Ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin matsalar lafiya. Masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi a ƙarni na 19 don nazarin jama'a a dunƙule, kuma har yau a nan ya fi ƙarfi. Bai san tsoka da kitse ba, bai dace da mai ciki ba, yara kuma da nasu jadawalin daban. Tunda tsayinka ba ya canjawa, bibiyar BMI kowane mako maimaita awon nauyi ne kawai.

Sikelin da ke nuna kason kitse yana tura wata 'yar wutar lantarki marar zafi ta ƙafafu, ya ƙiyasta kitse daga yadda ruwan jiki ya ba ta hanya. Ke nan duk abin da ya taɓa ruwan jikinka ya taɓa lambar. Za ka iya ganin kashi biyu sun tafi bayan wanka ko sun dawo bayan gumi. In kana da shi, kalli matsakaicin wata, kada ka ɗauki lambar a matsayin gaskiya tsantsa. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya hau irinsa.

Hoto sau ɗaya a wata na cike abin da lambobi suka bari, domin idon da ke ganin jiki kullum ba ya lura da canji. Gaba, gefe da baya, wuri ɗaya, haske ɗaya, kaya iri ɗaya, wayar a ajiye a tsayi ɗaya da nisa ɗaya, jiki a sake. Hasken da ke saukowa daga sama na fito da tsoka, na gaba kuma na shafe ta, don haka sauya fitila kaɗai na iya ƙirƙiro ci gaban da babu shi. A adana hotunan inda ke da makulli.

Zuciya da numfashi

Nauyi rabin labari ne. Mutum na iya ramewa ba tare da ya ƙara ƙarfi ba, wani kuma ya ƙara ƙarfi sosai sikeli bai gusa ba.

Awo mafi sauƙi shi ne bugun zuciya a lokacin hutu. Da ka farka, kafin ka sauko daga gado, ɗora yatsa manuniya da na tsakiya a cikin wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ka ƙirga na sakan 60. Kada ka yi amfani da babban yatsa, yana da nasa bugun. Na baligi kan kasance tsakanin 60 da 100 a minti, masu horo sosai kuma kan sauka zuwa 50 ko ƙasa. Da atisaye na yau da kullum lambar kan sauka sannu a hankali cikin watanni, saboda zuciya ta fara tura jini mai yawa a kowane bugu. Amfaninsa na biyu ya fi na farko: idan ka ga ya haura abin da ka saba da bugu biyar zuwa goma kwana biyu ko uku a jere, jiki na cewa bai murmure ba, ko ciwo na tafe, ko barci ya yi kaɗan. A sassauta atisaye.

Sai gwajin da ake maimaitawa duk bayan mako shida zuwa takwas. Sananne a ciki shi ne na minti 12 da likita Kenneth Cooper ya tsara wa sojojin saman Amurka a 1968. Ka ɗumama jiki na minti goma, sannan ka yi gudu, ko gudu haɗe da tafiya, iyakar nisan da za ka iya cikin minti 12 a fili shimfiɗaɗɗe. A filin tsere mai zagayen mita 400, zagaye biyar mita 2,000 ke nan. Nisan kansa ya isa abin rubutawa. Mai son ƙiyasin iskar da jikinsa ke iya sarrafawa sai ya cire 505 daga nisan, ya raba da 44.7: mita 2,000 ta ba da kusan 33, mita 2,200 ta ba da kusan 38, kuma yawan lambar shi ne ƙarin ƙarfin numfashi. Kuskuren da kowa ke yi a karon farko shi ne fara da gudun tsiya, numfashi ya ƙare a minti na huɗu. Saboda haka sakamako na biyu kan fi na farko ko da ƙarfi bai ƙaru ba, don kawai an koyi rabon ƙarfi. Ɗauki na biyu a matsayin mafari.

Wannan gwaji na masu ɗan sabo ne. Wanda ya daɗe bai motsa ba, ko mai ƙiba sosai, ko mai ciwon zuciya, hawan jini ko sukari, ya fara da tafiya: zaɓi hanya ɗaya mai kilomita ɗaya ko biyu, yi ta da saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, ka rubuta lokacin da ta ɗauka da bugun zuciyarka a ƙarshe, da kuma bayan hutun minti ɗaya. Ci gaba na zuwa ta fuska uku: lokaci ya ragu, ko lokaci ɗaya amma bugu ya yi ƙasa, ko bugu na saurin sauka bayan an tsaya. Zafin rana da iska da gangara duk na taɓa sakamako, don haka hanya ɗaya, lokaci ɗaya na yini.

Ka riƙa tara mintunan mako kuma. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga baligi ita ce minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan lamba ce da ke hannunka gaba ɗaya, saɓanin nauyi, shi ya sa ta fi dacewa ta zama burin mako.

Littafin ƙarfi

Kowane atisayen tsoka a rubuta masa abu huɗu tun ana wurin, kafin a manta: sunansa, nauyin da aka ɗaga, sau nawa a jere, zagaye nawa. Misali, tsugunawa da ƙarfe, kilo 40, sau 10, zagaye 3. Ƙara lamba ɗaya daga 1 zuwa 10 ta yadda ya yi maka wuya, inda 10 ke nufin ko ɗaya ba za ka iya ƙarawa ba. Kilo 40 sau 10 a wahala ta 9 da kilo 40 sau 10 a wahala ta 7 ba ɗaya ba ne; na biyun ci gaba ne ko da sauran lambobin ba su canja ba.

Hanyar ƙari mai sauƙi: sa wa kanka iyaka, a ce sau 8 zuwa 12. Ranar da ka cika 12 a duk zagayen da tsari mai kyau, ƙara kilo 2 zuwa 2.5 a zama na gaba, ka koma 8. Don kwatanta ranakun da nauyi da adadi suka bambanta, akwai lissafin Epley: raba adadin da 30, ƙara 1, ka ninka da nauyin. Kilo 50 sau 10 ya ba da kusan 67. Kilo 55 sau 6 ya ba da 66, wato ƙarfi ɗaya ne duk da ƙarfen ya fi nauyi. Kilo 55 sau 8 kuwa kusan 70, nan an ci gaba. Lissafin ya fi zama daidai idan adadin bai wuce goma ba, kuma ya raba ka da haɗarin gwada ɗaga mafi nauyi sau ɗaya.

Abin da ke lalata wannan littafi shi ne ha'incin da mutum ke yi wa kansa bai sani ba. Tsugunawa ta koma rabi, ana wurga ƙarfe da ƙugu maimakon ɗaga shi, hutun minti ɗaya ya zama uku. Lambobi na hawa, ƙarfi na nan inda yake. Ɗauki bidiyon zagaye ɗaya sau ɗaya a wata ka gani da idonka. Marar ƙarfe ma na da abin aunawa: sau nawa zai kifu ya ɗaga jikinsa da hannuwa ba tsayawa, ko sau nawa zai tashi daga kujera ya zauna cikin sakan 30 hannuwa a ƙirji, wanda gwaji ne da ake yi wa tsofaffi.

Agogon hannu mai ƙirga taku da bugun zuciya na da amfani a waɗannan biyun. A kalori kuwa kada a dogara da shi. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2017 ya gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai, ya samu yawancinsu sun kama bugun zuciya da ƙaramin kuskure, amma a ƙiyasin kalori wadda ta fi kowacce kyau ma ta kauce da kusan kashi 27 cikin 100. Wanda ke cin abinci gwargwadon abin da agogo ya ce ya ƙona, sau da yawa shi ne mai tambayar me ya sa nauyi ya ƙi sauka. Taku 10,000 a rana ɗin da ake yayatawa kuma daga sunan wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan cikin shekarun 1960. Ƙirga naka na mako guda ba tare da ka canja komai ba, sannan ka ɗora 1,000 zuwa 2,000 a kan na kowace rana.

Karanta littafin

Rubutu kullum ne, hukunci kuwa sau ɗaya a mako uku ko huɗu. A ranar, jera matsakaicin nauyi, zagayen ciki da lambobin atisaye ka duba su tare. Nauyi na sauka, ciki na sauka, ƙarfi na nan ko yana ƙaruwa: kada ka taɓa komai. Nauyi ya tsaya, ciki na raguwa, ƙarfi na hawa: kitse na tafiya tsoka na zuwa, abin da aka fi gani ga sababbin masu ɗaga ƙarfe. Tsoka ta fi kitse cunkushewa, kilo ɗaya nata bai kai kilo ɗaya na kitse cin wuri ba, shi ya sa kaya ke yin yawa sikeli na tsaye. Nauyi na zuba da sauri, ƙarfi na raguwa, bugun hutu na hawa, barci ya lalace: an matse abinci fiye da kima, a ƙara.

Tsayawa ta gaske ita ce matsakaicin nauyi da zagayen ciki duka su ƙi motsi mako uku zuwa huɗu. Dalili na farko da za a bincika shi ne abinci ya ƙaru a ɓoye. Mutane kan raina yawan abin da suke ci, musamman mai, abin sha mai zaƙi, da ciye-ciyen tsakanin abinci. Rubuta duk abin da ya shiga baki na kwana bakwai, har da ƙarshen mako, da sikelin kicin in akwai. Cokali ɗaya babba na mai kusan kalori 120 ne, kuma da wuya mai zubawa da ido ya tsaya a ɗaya. Na biyu, jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da, don haka abincin da ya sauke ka daga 90 zuwa 84 zai iya zama daidai abin da ke riƙe ka a 84. Na uku, mai rage abinci kan rage zirga-zirga bai sani ba, kuma ƙirgen taku zai tona wannan. Canja abu ɗaya tak, ko rage kalori 100 zuwa 200 a rana ko ƙara tafiya, ka ba shi mako uku. Idan ka canja abu uku lokaci ɗaya ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Wasu lambobin kuma na likita ne. Raguwar kashi 5 cikin 100 na nauyi cikin wata shida zuwa shekara ba tare da an nema ba na buƙatar bincike, musamman idan akwai yawan ƙishirwa da fitsari, tari mai daɗewa, zazzaɓi ko gumin dare. Ƙarin kusan kilo biyu cikin kwana uku tare da kumburin ƙafa ko sarƙewar numfashi na iya zama ruwan da zuciya ko ƙoda suka kasa fitarwa, ba a jira da shi. Haka ciwon ƙirji, jiri ko suma yayin atisaye, da bugun hutu da ya zauna sama da 100. Wanda kuma hawa sikeli ya fara hana shi cin abinci, ko yake hawa sau da yawa a yini, ko ya taɓa fama da matsalar ƙin ci ko cin da ba iyaka, awon kullum ba nasa ba ne. Ya ajiye sikelin, ya riƙe mintunan mako da littafin ƙarfi, awon nauyi kuma ya bar wa ma'aikacin lafiya ya riƙa yi masa lokaci zuwa lokaci.